Da gaske Rashawa da mutanen Yukren al'umma ɗaya ce, ko dai hujjar yaƙi ce kawai?

Abban_Khadija:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga masana tarihi. Na kalli hirar nan da Putin ya yi da ɗan jaridar Amurka Tucker Carlson a watan Fabrairun 2024. An tambaye shi abin da ya kai shi Yukren, sai bawan Allahn nan ya koma shekara ta 862, ya shiga jero sarakuna ɗaya bayan ɗaya, ya kusa cinye rabin awa bai iso kan yaƙin ba. Abin da na tsinta a ciki shi ne, wai Rashawa da mutanen Yukren al'umma ɗaya ce, ita ƙasar Yukren ɗin ma yanko ta aka yi daga jikin Rasha. An ce tun a Yulin 2021 ya rubuta doguwar maƙala a kan haka. To gaskiya ne? Don in gaskiya ne, ashe rigimar cikin gida ce muke ta ɗaga jijiyar wuya a kanta.

Dan_Kurmi77:
Wa alaikumus salam. Ai Putin bai faɗi ƙarya ba. Kowa ya san daga Kiyef daular Rasha ta faro. Addininsu ɗaya, haruffan rubutunsu ɗaya, yarensu ma kusa da kusa. Turawan Yamma ne suka shiga tsakani, suka hure wa ƙaramin kunne don su kawo NATO har bakin ƙofar Masko. Abin da suka yi wa Libiya a 2011 shi suka so maimaitawa, sai suka tarar da namiji.

Malam_Sani_Tarihi:
Malam Abban Khadija, farkon labarin da Putin ya bayar akwai gaskiya a ciki. Inda ya kai shi ne ake rigima.

An yi wata daula da ake kira Rus, daga ƙarni na 9 zuwa na 13, hedikwatarta Kiyef. Gidan sarautarta daga Rurik ya fito, shi kuwa asalinsa daga wajen Sikandinabiya yake. Babban sarkinsu, wanda Rashawa ke kira Vladimir, mutanen Yukren kuma Volodimir, shi ya karɓi Kiristanci a 988 ya shigar da talakawansa. A wannan lokacin Masko ko sunanta ba a sani ba, sai a 1147 aka fara ambatonta a rubuce. To a 1240 Mongol suka zo ƙarƙashin Batu Khan suka ragargaza Kiyef, daga nan hanya ta rabu biyu.

Na arewa maso gabas suka zauna suna biya wa Mongol haraji sama da shekara 200, a cikin wannan zaman ne Masko ta yi ƙarfi, don sarakunanta ne ke tattara harajin. Ita kuwa Kiyef da ƙasashen da ke kewaye da ita sai suka faɗa hannun Lituwaniya wajejen 1362, daga baya a 1569 suka koma hannun Polan. Wato kusan shekara 300 mutanen nan ba su ƙarƙashin sarki ɗaya da Masko. Dokokinsu daban, makarantunsu daban, tsarin garuruwansu daban, harshen ma ya kama gabansa. Wannan tsawon zamanin shi ne Putin yake bi ta kansa a gurguje, kamar wani ɗan hutu aka tafi aka dawo.

Kuma ku lura, magadan daular Rus uku ne, har da Belarus. Babu wanda aka bar wa wasiyya cewa shi ne babba.

Dan_Maradi:
Malam Sani, Allah ya ƙara basira. Bari in kawo maganar kusa. Mu a Maraɗi, sarkinmu har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, don gidan sarautar Katsina na dā nan ya dawo bayan jihadi, Ɗan Kasawa ya kafa garin. Tushenmu da Katsinawa ɗaya, ba mai musu. Goggona ma a Jibiya take aure. To yanzu in wani shugaba a Yamai ya tashi ya ce tunda asalin sarautar tana wajenmu Katsina tamu ce, ya tura tankoki, ko na Abuja ya ce Maraɗi tasa ce, wa zai ce ya yi daidai? Zumunta ai ba takardar mallakar fili ba ce.

Dan_Kurmi77:
@Dan_Maradi misalinka bai zauna ba ɗan'uwa. Ku Turawa ne suka raba ku. Su kuwa mutanen Yukren da ƙafarsu suka je suka yi wa sarkin Masko mubaya'a a 1654. Malam Sani ya tsaya a 1569 ya ƙi ƙarasawa.

Malam_Sani_Tarihi:
Ban ƙi ba Malam Dan Kurmi, numfashi na tsaya yi. To mu je 1654 ɗin.

A 1648 mayaƙan Kosak na ƙasar Yukren, ƙarƙashin shugabansu Bohdan Khmelnitski, suka yi wa Polan tawaye. Abokin ƙawancensa na farko ma ba Masko ba ne, Khan na Kirimiya ne, Musulmi. Da yaƙi ya yi tsawo ya ga ba zai iya shi kaɗai ba, sai ya nemi inuwar Tsar Aleksei, wato sarkin Masko. Aka haɗu a garin Pereyaslav a Janairun 1654. Abin da ya faru a ranar shi ya nuna kowa da abin da ke ransa: Kosak suka yi rantsuwa, sannan suka nemi jakadan Masko shi ma ya rantse a madadin sarkinsa cewa za a kiyaye musu 'yancinsu, kamar yadda suka saba da sarakunan Polan. Jakadan ya ce atafau, Tsar ba ya rantse wa talakawansa. Su suna ganin ƙawance suka ƙulla da sharaɗi, shi yana ganin talakawa ya samu. Har yau littattafan makarantar ƙasashen biyu a kan wannan saɓanin suke.

Abin da ya biyo baya kuwa ba ya kama da zaman wa da ƙani. Shugaban Kosak Mazepa ya ɓalle ya bi sarkin Suwidin, aka ci su a Poltava a 1709. Sarauniya Katarina ta Rasha ta rushe sansanin Kosak na Zaporizhiya a 1775. A 1863 ministan cikin gida Valuev ya fitar da takardar da ta taƙaita buga littattafai da harshen Yukren, yana cewa wai irin wannan harshen bai taɓa wanzuwa ba. A 1876 Tsar Aleksanda na biyu ya ƙara tsananta dokar. Ni dai tambayar da nake yi wa ɗalibaina ita ce, abin da babu shi, me ya kawo kafa dokar hana shi har sau biyu?

Sannan yammacin ƙasar, wajen Lviv, daga 1772 hannun Ostiriya yake. Bai shiga ƙarƙashin Masko ba sai zamanin Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, lokacin yaƙin duniya na biyu.

Gwani_Zage:
Kai Malam Sani, wannan ai sai mu biya kuɗin makaranta 😂

Likita_Maryam:
Ni ba masaniyar tarihi ba ce, amma a Kharkiv na yi karatun likitanci har yaƙi ya kore mu a 2022. Garin nan kusa yake da iyakar Rasha ƙwarai, kuma kusan kowa Rashanci yake yi, a kasuwa, a asibiti, a cikin bas. Mu ma ɗan abin da muka koya don magana da marasa lafiya Rashanci ne. Kafin yaƙin in ka ce mini mutanen nan ɗaya ne da Rashawa, wallahi ba zan yi gardama ba.

Tsohuwar da nake haya a gidanta tana da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya a Belgorod, can tsallaken iyaka. Ranar da aka fara ruwan wuta muna ƙasa a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, kowa da bargonsa, wasu da kyanwa a cikin jaka, sai ta kira ƙanwar tana kuka tana gaya mata ana jefa mana bama-bamai. Ina jin muryar ƙanwar ta waya tana cewa ƙarya ne, sojojinmu ba sa taɓa farar hula, ku yi haƙuri ana zuwa a cece ku. Tsohuwar nan ta ɗaga wayar sama don ƙanwar ta ji ƙarar da kunnenta, amma ta ce wai naku ne suke harbi. Da Rashanci suka yi wannan faɗan, da Rashanci kuma tsohuwar ta tsine wa Putin.

Abin da na gani ke nan. Mutum yana iya jin yarenka, ya ci irin abincinka, amma ba ya son ka mulke shi.

Ba kuma cewa nake su waliyyai ne ba. Abin da aka yi mana mu baƙaƙen fata a hanyar fita, a tashar jirgi da kuma kan iyaka, ana ture mu baya a cikin sanyin nan ana cewa sai 'yan ƙasa sun wuce, ba zan manta ba.

Hajiya_Mai_Biredi:
Sannu 'yata Likita, Allah ya kiyaye gaba. Ni dai tarihinsu bai dame ni ba. Abin da na sani, tun da suka fara wannan abu buhun fulawa ya tashi bai sake saukowa ba. Ko su ɗaya ne ko su goma ne, su bar alkama ta fito.

Ummu_Haidar:
Ana ta Rasha ana ta Yukren, an manta da masu Kirimiya na ainihi. Tatar na Kirimiya Musulmi ne, suna da daularsu ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin inuwar Daular Usmaniyya, fadar sarakunansu tana nan a Bakhchisarai har yanzu. Sai a 1783 Katarina ta haɗiye yankin. A ranar 18 ga Mayun 1944 Stalin ya sa aka kwashe su kaf, mutum wajen 190,000, aka cusa su a taragon dabbobi zuwa tsakiyar Asiya, akasari Uzbekistan, bisa zargin wai sun taimaki Jamus. Da yawa sun mutu a hanya da kuma shekarun farko. Ba a bar su sun dawo gida da yawa ba sai ƙarshen shekarun 1980. Bayan Rasha ta ƙwace yankin kuma, a 2016 ta haramta majalisarsu ta Mejlis. In dai da tsohon tarihi ake rabon ƙasa, to a fara da su mana.

Dan_Kurmi77:
Malama Ummu Haidar, abin da aka yi wa Tatar zalunci ne, ban musa ba. Amma yau mafi yawan mutanen Kirimiya Rashawa ne. Shugaban Sobiyet Khrushchev ne kawai ya ɗauki yankin ya ba Yukren kyauta a 1954, ba wanda ya tambayi mazauna wurin. A 2014 aka tambaye su, sama da kashi 90 suka ce Rasha suke so. Ina laifi?

Tsohon_Soja:
Yaro, ƙuri'ar da aka kaɗa sojoji na tsaye da bindiga a bakin titi, an shirya ta cikin 'yan makonni, ba ƙuri'a ba ce. Sojojin nan da ba su da tambari a kaki, da farko Putin ya ce ba nasa ba ne, daga baya da bakinsa ya amsa.

In ƙuri'a kake so, ga wadda aka yi ba bindiga: 1 ga Disamban 1991. Kashi 92 cikin 100 na masu zaɓe suka zaɓi 'yancin Yukren. A Donetsk da Luhansk, yankunan gabas masu iyaka da Rasha, sama da kashi 80. A Kirimiya kanta kashi 54. Rasha ta Yeltsin ta amince. A 1994 a Budapest, Yukren ta yarda ta rabu da makaman nukiliyar da ta gada daga Tarayyar Sobiyet, Rasha da Amurka da Birtaniya suka sa hannu cewa za su mutunta iyakokinta. A 1997 aka sake wata yarjejeniyar abota, aka maimaita maganar iyaka. Duk lokacin da ake sa hannun nan ina Rurik yake? Ba a san da shi ba sai da aka tashi yaƙi?

Kuma mun taɓa jin irin wannan waƙar. Saddam ma a 1990 cewa ya yi Kuwait yankin Basra ce tun zamanin Usmaniyya, Ingila ce ta yanke ta.

Barista_Auwal:
Ina tare da yawancin abin da aka faɗa, amma kada mu mai da Yukren farar takarda. Su ma suna zaɓen abin da suke so a tarihi. Stepan Bandera, jagoran masu tsattsauran kishin Yukren, da ƙungiyarsa sun yi aiki da Jamus ta Hitler a farkon yaƙi, kuma mayaƙan ɓangarensa sun kashe dubun-dubatar fararen hula 'yan Polan a Voliniya a 1943. Duk da haka a 2010 shugaba Yushchenko ya ba shi lambar gwarzon ƙasa, ko da yake kotu ta soke daga baya, a 2016 kuma aka sa wa wani babban titi a Kiyef sunansa, titin da dā sunan Masko yake ɗauke da shi. Har Polan, wadda ke goyon bayansu, abin nan yana mata ciwo. Ga dokar harshe ta 2019 da ta matsa wa Rashanci a ma'aikatu da wuraren hulɗa da jama'a. Ga mutum sama da 40, akasari masu goyon bayan Rasha, da suka mutu a gobarar Odesa a Mayun 2014. Wanda ke zaune a Donetsk yana ganin waɗannan, ba sai Putin ya gaya masa ya ji tsoro ba.

Malam_Sani_Tarihi:
Barista, maganar Bandera haka take, kuma tabo ne a kansu. Sai dai a haɗa da ɗaya gefen: mutanen Yukren da suka yi yaƙi a cikin rundunar Sobiyet suka kori Hitler miliyoyi ne, sun ninka mabiyan Bandera nesa ba kusa ba. A zaɓen majalisa na 2019 gamayyar jam'iyyun masu tsattsauran kishin ƙasa kashi 2 da 'yan kai suka samu. A shekarar ce kuma aka zaɓi Zelenski da kashi 73, mutumin da Bayahude ne, kuma da Rashanci ya tashi a gidansu.

Tunda an zo zamanin Sobiyet, akwai abin da ba a ambata ba, kuma in ba a san shi ba ba za a gane zafin mutanen nan ba: yunwar 1932 zuwa 1933, wadda suke kira Holodomor. Gwamnatin Stalin ta ɗora wa manoma adadin hatsin da ba za su iya bayarwa ba, aka bi gida-gida ana kwashe abinci, aka kuma hana ƙauyawa fita neman abin kai wa baka. Mutum kusan miliyan 4 suka mutu a Yukren, ƙasar da ke ciyar da wasu. Rasha na cewa yunwar ta shafi kowa, kuma gaskiya ne Kazakhstan ma ta yi asarar sama da mutum miliyan 1. Yukren da ƙasashe da dama na cewa kisan ƙare dangi ne. Masana na ta ja a kan niyyar Stalin, amma ba a ja a kan gawarwakin.

Dan_Kurmi77:
To ai Stalin ɗin ma ba Barashe ba ne, ɗan Jojiya ne. Brezhnev kuma a Yukren aka haife shi. Tare suka yi mulkin, tare suka yi ɓarnar, yanzu a ɗora wa Rasha ita kaɗai?

Gwani_Zage:
Ni abin da ke ba ni dariya, lokacin zanga-zangar Agustan 2024 a Kano yara na ta yawo da tutar Rasha, har aka kama teloli. Ka tare ɗaya ka ce ya nuna maka Rasha a taswira, sai dai ya nuna maka hanyar Kantin Kwari.

Dan_Damagaram:
@Gwani_Zage kar ka yi musu dariya. Mu nan da aka ɗaga tutar a Yamai a 2023 ba don an karanta tarihin Kiyef ba ne, gajiya aka yi da Faransa. Kuma ita Yukren ta ɓata rawarta da tsalle a wajenmu: bayan faɗan Tinzawaten a arewacin Mali, inda aka kashe sojojin Mali da mayaƙan Rasha a Yulin 2024, da kakakin leƙen asirin sojansu ya fito yana nuna kamar da hannunsu a ciki, Mali ta yanke hulɗa da su, Nijar ta bi. Sai dai ni ina rarrabewa. Haushin Faransa bai sa na yarda cewa babbar ƙasa tana da ikon ta ce wa ƙarama ke ba ƙasa ba ce. Ai irin maganar da aka yi mana ke nan kafin a mallake mu.

Tsohon_Soja:
Abin da jakadan Kenya na lokacin, Martin Kimani, ya faɗa ke nan a Kwamitin Sulhu, kwana uku kafin a shiga Yukren. Ya ce mu a Afirka ba mu muka shata iyakokinmu ba, an raba 'yan'uwa gida biyu, amma muka zaɓi mu zauna a kan iyakokin da muka gada don mun san in aka ce kowa ya bi jininsa ba za a daina yaƙi ba. Shawarar da shugabanninmu suka yanke ke nan a Alƙahira a 1964. Mu da muka ga yadda aka miƙa Bakasi bayan hukuncin kotun duniya na 2002 mun san ɗacin abin, amma an miƙa.

Barista_Auwal:
Yallabai, dokar tana da kyau, masu wa'azinta ne ba sa bin ta. Wanda ya shiga Iraƙi a 2003 da hujjar ƙarya, wanda ke kallon Gaza ya kau da kai, shi ne zai koya wa duniya mutunta iyaka? Shi ya sa mutanenmu da yawa ba sa ma sauraron hujjar Yukren, tun daga ganin masu rakiyarta.

Abban_Khadija:
Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru. Amma mu ɗan dawo kan tambayata. Maganar da Putin ya yi cewa Lenin, wanda ya kafa Tarayyar Sobiyet, shi ne ya ƙirƙiri Yukren fa? Ita ce ta fi tsaya mini a rai.

Malam_Sani_Tarihi:
Ya faɗe ta ne a jawabinsa na 21 ga Fabrairun 2022. Abin da ke gaskiya a ciki: iyakokin Yukren na yau a zamanin Sobiyet aka shata su, kamar yadda aka shata na Rasha kanta da na Kazakhstan da sauransu. Amma tun kafin a kafa Tarayyar Sobiyet a Disamban 1922, an yi Jamhuriyar Jama'ar Yukren, wadda ta ayyana 'yancinta a Janairun 1918, kuma sojojin Lenin ne suka yaƙe ta. Ba don yana son su ya ba su jamhuriya a cikin Tarayyar ba, ya ga in bai ba su ba ba za su zauna ba. Mawaƙinsu Taras Shevchenko kuwa tun 1840 ya fitar da diwaninsa da harshensu, Lenin ko haihuwarsa ba a yi ba.

Likita_Maryam:
Wani abu da na lura, ƙawayena 'yan Kharkiv da muka yi aji ɗaya, waɗanda ban taɓa jin sun yi yaren Yukren ba sai a jarrabawa, yanzu duk da shi suke rubutu a Instagram. Ɗaya ta ce mini har da mahaifiyarta ta daina Rashanci, ko da yake uwar tana ta kuskure. Kirsimeti ma sun mai da shi 25 ga Disamba tun 2023, sun bar 7 ga Janairu da suke yi tare da Rasha.

Dan_Kurmi77:
Wannan ai tsoro ne da farfaganda, Likita. Yaƙi ya ƙare ki ga in ba su koma yarensu ba. Ni har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar NATO. A taron Bukares na 2008 an ce Yukren da Jojiya za su shiga. Amurka za ta yarda Rasha ta girke makamai a Meziko? Mun ga abin da ta yi a kan Kuba a 1962.

Tsohon_Soja:
To ka zaɓi ɗaya mana ɗana. In NATO ce matsalar, Finlan ta shiga a 2023 da iyakar da ta haura kilomita 1,300 da Rasha, ba a tura mata tanka ko ɗaya ba. In kuma maganar al'umma ɗaya ce, to ko babu NATO a duniya Yukren ba ta tsira ba ke nan.

Dan_Kurmi77:
Baba, duka biyun ne, ɗaya ba ta kore ɗaya. Finlan ba ta da Rashawa miliyoyi a cikinta, kuma ba a Helsinki rundunar ruwan Rasha take ba, a Sebastopol ta Kirimiya take tun zamanin Katarina. Ku bari in sauko daga kasuwa, akwai maganar yarjejeniyar Minsk ta tsagaita wuta a gabashin Yukren da ba wanda ya taɓo, kuma a nan Barista zai goyi bayana.

Barista_Auwal:
Kar ka yi saurin sa ni a layinka Malam. Minsk ɗin kowane ɓangare ya karya ta, kawo taka hujjar mu gani tukuna.